Kafin a ce ta mutu: yadda ake tada na'urar Wi-Fi ta makaranta ko ofis da ta ƙi tashi

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba. Na bar shi kusan yadda na faɗe shi, in kun ga magana ta ɗan karkace ku yi haƙuri.

Kwanakin baya wani malamina da ya koyar da ni lissafi a sakandare ya kira ni. Yanzu yana koyarwa a wata makaranta can ɓangaren Kusada. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kai ɗan nan, ba kwamfuta ka karanta ba? Zo ka duba mana wasu farantai da ke manne a silin. Sun daina aiki, shugaban makaranta ya ce a ciro su a kai sito." Na ce, "Malam, farantai kuma?" Ya ce, "To ni dai haka na gan su, farare, masu ɗan haske a tsakiya."

Washegari na hau babur daga Kankia. Abin da na tarar, ɗakin kwamfuta ne mai kyau, laftof suna nan a jere an lulluɓe su da zani saboda ƙura. Intanet yana shigowa har ofishin shugaban makaranta, amma ba ya isowa ɗakin. Farantan nan guda uku su ne ya kamata su raba shi, kuma duk ukun an yanke masu hukuncin cewa sun mutu. 'Yan aji shida kuwa saura 'yan watanni su zauna JAMB. Kun san tun 2015 jarabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma a 2024 ta fara yi wa masu zaman kansu haka. Yaron da bai taɓa zama ya amsa tambaya a allon kwamfuta ba, ranar jarabawa rabin lokacinsa a neman inda zai danna zai ƙare, ko da ya san amsar.

A cikin ukun nan babu wadda ta mutu. Ko ɗaya. Kowace da matsalarta daban, kuma shi ya sa na ce bari in yi shiri guda a kai, domin na san akwai irinsu da yawa a sito-sito na makarantu da asibitoci da sakatariyoyi.

Da farko, mene ne abin? Masu sana'a suna ce mata AP. Na'ura ce da ke karɓar intanet ta kebul ta watsa shi a iska. Ba ita ke samar da intanet ba, wannan ku riƙe shi. Ko ta layin MTN ko Airtel yake zuwa maku, ko ta Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023, wannan shi ne burtsatse. AP kan famfo ce kawai. Bambancinta da 'yar rautar da kuke sawa a aljihu shi ne an ƙera ta don ta ɗauki mutane da yawa lokaci guda, ta yi shekaru a kunne, kuma a haɗa goma ko ɗari a sarrafa su daga wuri ɗaya. Irin wadda wuri kamar makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia ko babban asibiti ke buƙata ke nan. Sunayen da za ku fi gani a jikinsu su ne UniFi na kamfanin Ubiquiti, da Cisco, da Aruba, da Ruckus.

A cikinta ƙaramar kwamfuta ce cikakkiya. Idan aka kunna ta, matakai take bi. Wuta ta shiga. Sai wata 'yar ƙaramar manhaja ta farka, ana ce mata butloda, ku ɗauke ta kamar kik ɗin babur: ba ita ke tafiya da kai ba, amma sai da ita inji ke tashi. Butloda ya je ma'ajiyar na'urar ya ɗauko babbar manhaja ya tada ta. Babbar manhajar ta tashi ta kunna rediyoyin Wi-Fi, ko kuma ta tsaya neman wanda zai ba ta umarni. Don haka in mutum ya ce maka "ta ƙi tashi", tambayar ita ce a wane mataki ta tsaya. Kuma a fara bincike daga na araha zuwa na tsada. Yawancinmu muna yin akasin haka, mu fara da buɗe ciki da sukudireba.

To, ta farko. Babu haske ko kaɗan, shiru kamar dutse.

Irin waɗannan na'urori yawanci ba a jona su a soket. Wutarsu tana bin kebul ɗin intanet ɗin ne, tsarin da ake kira PoE. Ko dai suwic ɗin da ke rarraba kebul ya ba da wutar, ko a sa wani ɗan baƙin akwati a tsakani mai suna injekta. A nan rikicin yake, domin PoE ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ƙa'ida ta duniya. Ta 2003, mai lamba 802.3af, tana fitar da wat 15.4, abin da ke isa na'urar bai wuce wat 12.95 ba. Ta 2009, mai lamba 802.3at, tana fitar da wat 30, na'ura ta samu 25.5. Su waɗannan, kafin su saki wuta sai sun fara tambayar na'urar ko tana buƙata, sannan su ba ta wajen bolt 48. Sai kuma ɗaya nau'in da ba ya tambayar kowa, kana jonawa ya sako wuta. Tsofaffin UniFi da yawa irin wannan suke ci, mai bolt 24.

Ka ga in ka ba mai son bolt 48 injekta mai 24, ba za ta ko motsa ba. In kuma ka ba mai son 24 injekta mai 48 wanda ba ya tambaya, kana iya jin ƙauri. A makarantar nan abin da ya faru, asalin injektan ya ƙone, wani ya je kasuwa ya sayo wanda ya yi kama da shi a ido. Bakin ya shiga daidai, to a wurinsa magana ta ƙare. Na juya bayan na'urar na karanta takardar da ke manne, na karanta ta injektan, ba su dace ba. Na ciro injektan ɗaya daga cikin sauran na jona mata da gajeren kebul a kan tebur. Ta kawo haske. Malam ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, Malam." Wata shida tana rataye ana kiranta gawa.

Ku lura na ce gajeren kebul a kan tebur. Koyaushe a sauko da ita a gwada ta kusa, da kebul ɗin da aka tabbatar yana da lafiya. Kebul ɗin da ya bi ta cikin silin yana da maƙiya. Ɓera na cin shi. Ƙa'idarsa kada ya wuce mita 100, amma 'yan kwangila suna ja har inda ya kai. Ga kuma na jabu da ya cika kasuwa, wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa mashi jan ƙarfe a sama: data na wucewa ta cikinsa, amma wuta na raguwa a hanya. Sannan wayoyi takwas ne a cikin kebul, a wasu injektoci wuta na bin guda huɗu ne daban da waɗanda data ke bi, don haka kebul na iya yi wa laftof aiki lafiya lau amma ya kasa tada AP. Ku leƙa ramin da ake jona kebul ɗin ma. Na taɓa samun wanda zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki.

Akwai wata alama da ke ruɗar mutane: na'urar ta kawo haske, ta yi kamar minti ɗaya, ta mutu, ta sake tashi, haka dai. Kowa sai ya ce manhaja ce ta lalace. Sau da yawa yunwa ce. Lokacin da ta zo kunna rediyoyi ne take jan wuta sosai, in injektan ko suwic ɗin na af ne alhali ita at take so, a nan take faɗuwa, wasu kuma su tashi amma su bar rediyo a kashe. Canza mata wuta kafin ka taɓa manhaja.

Ta biyu ita ce ta fi kama da abin da masu gyaran waya suka sani. Wuta lafiya, kebul lafiya, haske na ƙiftawa, amma ba ta gama tashi. Da na yi tambaya sai wani malami ya tuna cewa ranar da ta fara haka, ana cikin sabunta mata manhaja ne mai ya ƙare a janareto. To ka ji. Lokacin sabuntawa, na'urar na goge tsohuwar manhaja tana rubuta sabuwa a ma'ajiya. In wuta ta ɗauke a tsakiya, an bar ta da rabi. Butloda ya farka, ya je ɗauko manhaja, ya tarar da guntu. Wannan ba laifin wanda ya ƙera ba ne. Hasali ma kamfanonin sun san haka na faruwa, shi ya sa suka bar ƙofar baya: muddin butloda na da rai, ana iya tura mashi sabuwar manhaja. Filashin ke nan, irin wanda ake yi wa waya a Farm Centre a Kano, hanyar ce kawai ta bambanta.

Hanyar sunanta TFTP. Tsohuwar hanya ce ta tura fayil tsakanin na'urori, tun farkon shekarun 1980 ake amfani da ita. Ba ta da kalmar sirri, ba ta da kwalliya, kuma saboda ƙanƙantarta ne take shiga cikin butloda.

Tamu UniFi ce, ga yadda aka yi. Na duba ainihin lambar samfurinta a bayanta, na shiga shafin kamfanin na sauke fayil ɗin manhajar wannan samfurin, kyauta ne. Na jona laftof da bakin injekta mai rubutun LAN, na'urar kuma a bakin PoE. Na kashe Wi-Fi ɗin laftof, na ba shi adireshi da hannu, 192.168.1.25. Na zare wutar na'urar, na danna ɗan ramin riset da tsinke na riƙe, na mayar da wuta ban saki ba, har hasken ya fara zagaye: fari, shuɗi, ɗif, fari, shuɗi, ɗif. A tsofaffin samfuri ruwan ɗorawa da kore za ka gani. Wannan zagayen na nufin ta buɗe ƙofa tana jira a adireshin 192.168.1.20. Sai na rubuta wannan umarnin a Windows:

tftp -i 192.168.1.20 PUT firmware.bin

Sunan ƙarshen nan sunan fayil ɗin ne, na gajarta shi don sauƙin rubutu.

Bai tafi ba. Na sake, bai tafi ba. Na yi kusan awa ina zufa, Malam na tsaye a kaina yana cewa, "Ko dai a haƙura?" Ashe katangar tsaron Windows ce ke tare hanyar. Na kashe ta na ɗan lokaci, fayil ya wuce cikin daƙiƙoƙi. Wani abin kuma, a Windows umarnin tftp a kashe yake zuwa, sai ka shiga ka kunna shi, ko ka yi amfani da manhajar Tftpd64.

Bayan fayil ya wuce, kada ka taɓa komai. Tana rubutawa ne, zai ɗauki mintuna, za ta sake tashi da kanta. Kuma don Allah kada a yi wannan aikin a kan wutar gari ko janareton da ba a duba mansa ba. Abin da ya kashe ta da farko ke nan. Mu a kan inbata muka jona, ta ofishin shugaban makaranta. Da ta gama ta tsaya a farin haske, na sauke manhajar UniFi a waya na saita mata suna da kalmar sirri.

Wani zai ce, in ba ta shiga wannan zagayen hasken ba fa? To a nan ake buƙatar jin abin da na'urar ke faɗa da bakinta. Kusan kowace AP tana magana lokacin da take tashi, tana rubuta duk matakin da ta kai, sai dai ba ta da allo. Wurin sauraren ana ce mashi kwansol. A Cisco da wasu Aruba, rami ne a jiki mai kama da na kebul ɗin intanet, an rubuta sunansa a kai, sai ka samu kebul ɗin kwansol mai kan USB. Ka buɗe manhajar PuTTY, ka sa gudu 9600. A wasu kuma sai an buɗe murfi, za ka ga 'yan ƙusoshi uku ko huɗu a jere a kan allon. Su ana jona masu ɗan adafta na USB mai bolt 3.3, irin su CP2102 ko CH340, ba su da tsada, a Beirut Road a Kano na sayi nawa. Gudunsu yawanci 115200. Waya uku kawai za ka jona: GND da GND, TX na adafta zuwa RX na na'ura, RX zuwa TX. Ta huɗun, mai kai wuta, ka bar ta. Ni na taɓa jona ta ina ɗalibi, a kan rautar wani abokina, har yau in mun haɗu sai ya tuna mani.

In ka ga rubutu na fitowa kamar tsutsotsi, ba lalacewa ba ce, gudun ne bai dace ba, canza shi. In rubutu ya fito sarai, karanta. Zai gaya maka ko ya kasa samun manhaja, ko ya samu amma lissafin tantancewarta bai yi daidai ba, ko ma'ajiyar ce ke ba da kuskure. A Aruba, da ka ga yana ƙirga daƙiƙoƙi sai ka danna Enter, ya tsaya a wurin da aka rubuta apboot. Daga nan umarnin osinfo zai nuna maka abin da ke cikin ɗakunan manhaja guda biyu da take da su, domin takan ajiye biyu, in ɗaya ta lalace ɗayar na nan. Kana iya ba ta adireshi, ka nuna mata laftof ɗinka, ka sa ta jawo sabuwa ta TFTP.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake. A cikin butloda akwai umarnin goge ma'ajiya. Kada ka kwafo umarni daga bidiyon wani ka liƙa ba ka san me yake gogewa ba. A ma'ajiyar nan akwai wani ɗan yanki da aka rubuta tun a masana'anta, mai ɗauke da lambar shaidar na'urar da ma'aunin rediyonta. Na kowace na'ura daban ne, ba a sauke shi a intanet. In ka goge shi, za ta iya tashi amma Wi-Fi ya tafi ke nan. In kuma butloda ɗin kansa ka goge, ka rufe ƙofar baya da hannunka.

Ta uku ita ce ta fi ba ni dariya, kuma ita ce ta fi yawa a cikin kayan da ake sayowa na hannu. Cisco ce, tsofaffin ɗalibai suka haɗa kuɗi suka sayo, tokumbo. Tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa fitar da Wi-Fi ba. Haske na ta canza launi, ta jima ta sake tashi. Na jona kwansol na karanta. Lafiyarta ƙalau. Neman ubangidanta take yi.

Abin da ke faruwa, manyan kamfanoni ba sa saita AP ɗaya bayan ɗaya. Suna da wata uwar na'ura, kwantirola, ita ke ba kowace umarni. AP ɗin da aka sa wa manhajar bin kwantirola ba ta iya komai ita kaɗai, in ta tashi sai ta yi ta kira. Wannan ta fito daga wani ofis a Turai ko Amurka, kwantirolarta na can ko an daɗe da kashe ta, ita kuma tana silin a Kusada tana ta sallama ba mai amsawa. A tsofaffin Cisco Aironet, sunan manhajar ma na gaya maka: in ka ga k9w8, mai bin kwantirola ce, in k9w7 ce, mai cin gashin kanta ce. Ana iya mayar da waccan ta koma wannan. Ka ba laftof adireshin 10.0.0.2, ka kunna Tftpd64, ka ajiye fayil ɗin da sunan da na'urar za ta nema. Ga jerin 2600 da 2700 da 3600 da 3700, sunan shi ne ap3g2-k9w7-tar.default. Ka riƙe maɓallin MODE, ka sa wuta, ka ci gaba da riƙewa wajen daƙiƙa 20 zuwa 30 har haske ya koma ja, ka saki. Za ta ɗauki adireshin 10.0.0.1 ta zo ta jawo fayil ɗin da kanta. Tarkon da ke kama mutane: Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai ka ga kamar ka canza suna alhali akwai .tar a maƙale a baya, na'urar ta yi ta nema ba ta gani. Kuma bayan ta tashi, rediyoyinta a kashe suke zuwa, sai ka saita suna ka kunna su, kada ka ce aikin bai yi ba. Sababbin jeri irin 1800 da 2800 da 3800 wata manhaja daban suke amfani da ita, wannan hanyar ba tasu ba ce.

Sai dai in faɗa maku gaskiya, manhajar Cisco ba kamar ta UniFi ba ce da kowa zai shiga ya sauke. Yawanci sai mai yarjejeniyar kulawa da kamfanin. Za ka ga fayil ɗin a wasu shafuka barkatai, ni ba na ba da shawarar a ɗauko abin da ba a san wanda ya taɓa shi ba a sa a na'urar da duk bayanan makaranta za su bi ta cikinta. Mu wanda ya sayar da ita muka koma wa, ta hannun tsofaffin ɗaliban, aka ce ko ya kawo manhajar ta hanyar da ta dace ko ya karɓi kayansa. Ya kawo. Na gwada lambar tantance fayil ɗin da wadda kamfanin ya wallafa, suka yi daidai, sannan na sa.

Tunda mun zo kan tokumbo, akwai wadda nake roƙon ku yi hattara da ita: Meraki, ita ma ta Cisco ce. Na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma ta intanet ake sarrafa ta kuma sai da lasisin da ake biya. In lasisi ya ƙare aka wuce wa'adin alfarma, ta daina aiki. In kuma tana rajiste da sunan kamfanin da ya fara sayenta bai sake ta ba, riset ɗin duniya ba zai sa ta zama taka ba. Shi ya sa za ka gan ta da araha har ka yi mamaki. Wasu samfuran ana iya cire masu manhajar a sa OpenWrt, wata manhaja ta kyauta da masu sa kai ke ginawa tun 2004, amma ba kowane samfuri ba, kuma aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa. Kafin ka ba da kuɗi a kan kowace AP ta hannu, sa mai kayan ya kunna ta a gabanka, ka ga sunan Wi-Fi a wayarka, ka shiga.

Akwai kuma wadda ta mutu da gaske, kada in sa ku ɗauka komai na tashi. Wani mai shagon buga takardu a nan Kankia ya kawo mani tasa bayan wani ruwa mai tsawa da aka yi da damina. Ya ja kebul ta waje daga shagonsa zuwa na maƙwabcinsa, a sararin sama. Wuta daidai, kebul sabo, kwansol shiru ko harafi ɗaya. Na buɗe, ga baƙin tabo kusa da ramin kebul, ga ƙauri. Wani lokaci ɓangaren karɓar wutar ne kawai ya ƙone, in na'urar na da ramin adafta daban tana iya tashi ta nan, ku gwada. Tasa ba ta tashi ba. Akwai mataki na gaba, a ciro ƙwayar ma'ajiyar a rubuta mata da wata na'ura, amma wannan na taimakawa ne in manhaja ce matsalar, ba in allo ya soye ba. Na ce mashi, "Alhaji, wannan kam a sayi wata, kuma kebul ɗin nan a sauko da shi a bi da shi ta bututu a ƙasa, a sa mashi abin kare tsawa." Haka ma in na'ura ta tsufa har kamfanin ya daina fitar mata da gyaran tsaro, ina iya tada ta don ɗakin gwajin ɗalibai, amma ba zan sa ta inda ake harkar kuɗi ko bayanan marasa lafiya ba.

Abin da ya fi cin raina a makarantar nan ba na'urorin ba ne. Na tambayi kalmar sirrin tsarin, babu wanda ya sani. Na tambayi takardar da ke nuna wane kebul ya tafi ina, babu. Wanda ya yi aikin ya ɗaura, an ɗauki hoto, ya tafi da komai a laftof ɗinsa, lambarsa ma ta daina shiga. Ita ta farkon da na ce ta kawo haske, da ta tashi sai ta nuna tana ƙarƙashin kulawar wani, dole na yi mata riset na daƙiƙa goma na saita ta daga farko. Da a ce wuri ne mai na'ura talatin, aikin kwanaki ne. Don haka duk wanda za a kawo wa irin wannan aiki, ko gwamnati ce ta kawo, ko ɗan majalisa, ko ƙungiya, kafin a sa hannu a takardar karɓa a nemi sunan shiga da kalmar sirri a rubuce, a gwada su a gaban mai aikin, a tambaya ko akwai lasisin da zai ƙare da ranar ƙarewarsa, kuma asusun ya zama da imel ɗin makaranta ba na ɗan kwangila ba.

Kafin in taho na samu littafi mai bango mai ƙarfi na rubuta komai a ciki: samfurin kowace, irin wutar da take ci, adireshinta, kalmar sirri, da ranar da aka yi mata filashin. Na manna takarda a jikin kowane injekta na rubuta ta wacce ce. Na kashe sabuntawar da ke yin kanta da dare, na ce sai ranar da inbata ta cika a yi da hannu. Fayil ɗin manhajar na zuba a filas na ba Malam. Yara biyu 'yan aji biyar, mace da namiji, su suka riƙe mani tsani tun safe suna ta tambaya, sai na sa su suka maimaita filashin ɗin UniFi da hannunsu, ina kallo. Yarinyar ce ta tuna da kashe katangar tsaro, ni har na sake mantawa.

Har yanzu injekta ɗaya ake jira daga Kano, don haka biyu ne ke aiki, ta ukun na cikin durowar Malam an naɗe ta a leda. Wanda ke da irin wannan a ajiye, ya ɗauki hoton takardar da ke bayanta da ta injektan ya turo, ya rufe lambar siriyal da yatsa, ya kuma faɗi launin da hasken ke nunawa. Zan duba waɗanda na iya a shiri na gaba.